Goggo da Baƙin Rumfarta

Ranar da muka zauna karɓar gaisuwar rasuwar Goggo, wata maƙwabciya da ba ta daɗe da tarewa a layinmu ba ta ja ni gefe, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Don Allah, ita marigayiyar a ofishin jakadanci ta yi aiki ne?" Na ce mata a'a, kayan miya take sayarwa a kasuwar Samaru. Ta waiwaya ta sake duban jama'ar da ke zaune a ƙofar gida, ta dube ni, ta koma wurin zamanta.

Ban ga laifinta ba. A kujerun gaba akwai wani dattijo ɗan Ghana da ya zo ƙasar nan koyarwa tun yana saurayi, har ya tsufa a Sabon Gari. Kusa da shi maginan Togo ne, sun wanke siminti sun sha fararen kaya. Ga matan Kamaru, ga 'yan Chadi masu karatu a jami'a, ga wata 'yar Indiya da mijinta ya taɓa aiki a wata masana'anta a Chikaji, ta taso tun daga Legas. Kowannensu in ya iso gaban Baba sai ya rusuna ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya ji ƙanta, ya ba ta hutawa." Babu wanda harshensa ya harɗe. Abin da ya fi taɓa ni shi ne duk da muryar Goggo suke faɗa, har da yadda take jan ƙarshen magana kamar mai tambayarka ko ka ci abinci.

Zaman makoki ne, amma kafin azahar dariya ta fara tashi daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan ya ba da labarin ranar da ta hana shi albasa, wancan ya ce ai nasa ya fi muni. Baba, ƙanin Goggo, tsohon hedimasta ne, kuma bai saba ganin abu ba a kan tsari ba. Ya fara ɗaure fuska. Sai dattijon nan ɗan Ghana ya dogara sandarsa ya miƙe ya ce, "Malam, ka ƙyale mu. Bebaye muka shigo garin nan. In muka yi shiru yau, za ta ce mun manta abin da ta koya mana." Baba ya cire tabarau ya goge, ya ce a ƙaro kujeru.

A daren nan ban rubuta komai ba, sai bayan an watse da kwanaki na ga cewa mutanen da suka san ta kowa ya koma inda ya fito da guntun labarinsa. Shi ya sa na tattara nawa, don yaran gidanmu da za su taso su ji ana cewa Goggo su san wa ake nufi.

Yayar Baba ce, ita ce babba a ɗakinsu. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ni kuwa tela ce, shagona yana kallon rumfarta, tsakaninmu 'yar hanyar da masu baro ke bi. Yawancin abin da zan faɗa da idona na gani, ƙafata na kan keke.

Ba ta taɓa kiran kanta malama ba. Doka ɗaya gare ta, ba a nuna mata kaya da yatsa. Baƙo in ya zo ya miƙa yatsa wajen tumatir, sai ta dubi yatsan, ta dubi fuskarsa, ta ce, "Shi ba ya magana. Kai ka yi." Sai ta ɗaga tumatir ɗaya ta faɗi sunansa, ta jira. In ya maimaita, ko da a karkace ne, ta zuba masa ta ƙara gyara mai yawa. In ya ƙi, ita ma ta juya ta ci gaba da tsinke alayyafo. Akwai masu yin fushi su wuce rumfar gaba. Da yawansu sukan dawo, don gyaran Goggo ba irin na kowa ba ne, kuma a duk layin ita kaɗai ke tambayar baƙo sunan garinsu da ko mahaifiyarsa tana da rai. A gefen rumfar akwai benci mai ɗaukar mutum uku, huɗu in an matsa. Wanda ya dawo sau uku, to a kan bencin nan zai ƙare.

'Yar Indiyan da na ambata ta taɓa haddace jimlarta tun daga gida, ta zo ta tsaya da ƙarfin gwiwa ta ce, "Goggo, ina son kuka." Sai dai ta ɗaga murya a inda ya kamata ta sauke. Goggo ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "To ki yi mana, 'yata. Ga benci, ga ni. Wa ya taɓa ki?" Matar ta tsaya tana rarraba ido. Goggo ta ɗebo koren garin a ludayi ta faɗi sunansa, sannan ta murza idanu ta sake faɗin kalmar da ɗaya muryar. Sai da ta yi sau uku matar ta gane, ta fashe da dariya har hawaye suka zubo mata. Goggo ta ƙulla mata a leda ta ce, "Ga shi kin samu duka biyun."

Duk hanyar da baƙo ya ce zai bi ya koyi Hausa, Goggo tana da abin faɗa a kanta. Wanda ya zo da littafi a hammata, takan ce masa littafi abu ne mai kyau, sai dai ba ya amsa gaisuwa. Rediyo tana sonta. Takan ce wa mata su bar ta a kunne suna girki ko ba sa fahimta, kunne zai saba. "Amma kada ki fito kina magana kamar mai karanta labarai, za a ɗauka gwamnati ce ta aiko ki." Masu zuwa ajin koyon Hausa a jami'a takan sa musu albarka, ta ce in an tashi su biyo ta rumfa su gwada abin da aka ba su tun yana da zafi. Wanda ya ce mata ai Turancin buroka ya ishe shi, tunda a Sabon Gari da shi ake ciniki, ba ta musa masa. Takan ce, "Za ka ci abinci da ita. Ranar da maƙwabcinka ya yi rashi, me za ka ce masa?" Shi ya sa take jan baƙinta zuwa gidajen suna da na biki da na makoki, ta zaunar da su a tsakiyar mata, ta yi tafiyarta wajen tukunya.

Da aka fara koyon harshe ta waya, wani ɗalibi ɗan Kamaru ya kunna mata tasa. Muryar wata mace ta ce, "Ina kwana." Goggo ta amsa da fara'a, ta tambayi gajiya, ta tambayi yara, ta tambayi mai gida. Wayar ta sake cewa, "Ina kwana." Goggo ta miƙa masa abinsa ta ce, "Baiwar Allah ba ta da lafiya. Ka ci gaba da sauraronta, amma ka riƙa zuwa wurin masu rai." Ko 'yan gida ba su tsira ba. Wani saurayi ya zo a gurguje ya ce, "Goggo, attaruhu na two hundred, please ki yi sauri ina da lecture." Ta ce, "Kai kuma daga wace ƙasa?" Ya ce, "Daga Funtuwa." Ta ce, "To hau benci."

A cikin duk waɗanda suka zauna a bencin nan, wadda ta zama 'yar gida ita ce Maman Biyu. Lokacin da ta fara zuwa ba ta ma haihu ba. Mijinta mai sa tayil ne, ya ɗauko ta daga kudancin Togo ya kama musu ɗaki a Palladan. Yakan fita da asuba, wani lokaci aiki ya kai shi Kaduna ya yi mako. Ita kuwa ban da yarensu na Ewe sai 'yan kalmomin Faransanci, kuma babu mai jin ko ɗaya a gidan da suke haya.

Ta zo ta nuna kuɓewa da yatsa. Goggo ta yi mata yadda ta saba yi wa kowa. Yarinyar ba ta yi fushi ba, ba ta kuma maimaita ba. Tsayawa kawai ta yi, hawaye na bin fuskarta. Ranar ce kaɗai na ga Goggo ta karya dokarta. Ta cika mata leda, ta yafa mayafi, ta leƙo shagona ta ce in sa mata ido a kan kaya, ta bi bayan yarinyar da rana tsaka.

Da ta dawo ta ba ni labari. Ta tarar da kayan yarinyar a ƙulle cikin babbar jaka a bayan ƙofa, ga ƙaramin ciki. Ta zauna har mijin ya dawo. Da gurguwar Hausarsa ya bayyana mata cewa matarsa takan yi kwana huɗu ba ta yi magana da kowa ba, ta ce gida za ta koma, kuma ya san in ta tafi ba za ta dawo ba. Ya ce ya sayo mata littafi, ya sayo rediyo, duk a banza. Goggo ta ce masa, "Ka bar mini ita zuwa ƙarshen damina. In ruwa ya ɗauke tana nan a kan bakanta, ni zan raka ta tasha."

Abu na farko da ta koya mata shi ne yadda za ta tsayar da mai Keke Napep, da yadda za ta ce masa akwai sauka. Da ta iya kawo kanta kasuwa, Goggo ba ta ɗora ta a benci ba, a bayan faranti ta zaunar da ita. Ita kuma ta jingina da buhun albasa ta rufe ido kamar mai barci. Masu saye su zo su yi ta magana, yarinyar ta waiwaya neman taimako, Goggo ta ƙara gyara kwanciya. Na sha jin tausayinta har in yi niyyar tasowa, sai in ga Goggo ta buɗe ido ɗaya ta harare ni. Da yamma in kasuwa ta lafa sai su zauna su bi abin da aka faɗa ɗaya bayan ɗaya, Goggo na kwaikwayon kowane mai saye, da tafiyarsa da tarinsa, yarinyar na rufe baki tana dariya.

Wata biyu ana haka, kalma ɗaya, kalma biyu. Sai wata Asabar wani mutum ya tsaya yana matsa tumatir ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa. Muna ji yarinyar ta ɗaga murya ta ce, "Malam, in ba saye za ka yi ba, kada ka kashe mini su." Mai nama da ke can ƙarshen layi ya leƙo, don ya ɗauka Goggo ce. Goggo ta miƙe daga kan buhu ta rangaɗa guɗa, ta kira mai kunun zaƙi ta ce a ba kowa, har da mutumin da ya matsa tumatir.

Ruwa ya ɗauke, babu wanda ya sake tayar da zancen tasha. Da haihuwa ta zo tagwaye ne, mace da namiji. Goggo ta dawo daga asibiti tana ba kowa labari cewa 'yarta da bakinta ta gaya wa nas inda ke mata ciwo. "Har da tsiwa," in ji ta, tana share ido da bakin zani.

Yanzu sai in zo ga faɗansu da Baba, don in na tsallake shi ita kanta ba za ta yarda ba.

Da Baba ya yi ritaya sai ya buɗe aji kyauta a cocinmu da ke Sabon Gari, Talata da Alhamis da yamma, yana koya wa baƙi Hausa da allo da alli. Da gaske yake yi, kuma ɗalibansa suna ƙaruwa. Matsalar ita ce wasunsu su ne dai na bencin Goggo. Ranar wata Kirsimeti muna cin shinkafa a gidanmu, ya ce, "Yaya, mutanenki suna ɓata mini aji. In ce rigar, su ce rigan. In ce motar, su ce motan. In na gyara sai su ce haka Goggo ke faɗa."

Ta ce, "Haka Innarmu ke faɗa, Hedimasta, kuma da shi ta raine ka." In ta kira shi Hedimasta, to ta shirya.

Ya ce ba shi ke nan ba. Wani magini ya haɗu da fasto a bakin coci, ya washe baki ya ce masa, "Kai ɗan nema, ina ka shige kwana biyu?" don haka ya ji Goggo na gaida wanda take so. Goggo ta yi dariya har ta ajiye cokali. Ta ce ai nasa ɗalibin ma ya zo rumfarta, ya tsaya ƙiƙam ya ce, "Barka da wannan lokaci, uwargida. Ina da muradin mallakar albasa." Muka ce to me ta ce masa. Ta ce, "Na ce ya turo manyansa a yi magana."

Ɗakin ya kece da dariya, har Mama. Baba bai yi ba. Ya ce, "Koyarwa ba wasa ba ce. Wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba, bai kamata ya riƙa sa baki a aikin malamai ba."

Babu wanda ya sake taɓa abinci. A gidanmu kowa ya san cewa lokacin da suke yara a ƙauye, kakanmu ya ce ɗaya zai tafi makaranta ɗaya ya tsaya. Goggo ce ta tsaya, ita ce kuma take kai masa gari da daddawa a ƙafa har makarantar kwana. A waje babu wanda ya san ba ta iya karatu ba. In an miƙo mata takarda takan ce ta bar tabarau a gida. Ranar ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta yi wa Mama sai anjima, ta fita.

Daga Kirsimeti har aka wuce Ista ba su yi magana ba. Takan ƙulla daddawa ta ba ni ta ce, "Kai gidanku," ba ta ce a ba wane ba. Shi kuma ya sha miyar kamar bai san inda daddawar ta fito ba. Na san abin yana cinsa, don ya daina gyara wa kowa magana a gida, abin da bai taɓa yi ba.

Maman Biyu ce ta warware abin ba tare da ta sani ba. A lokacin tagwaye sun shiga firamare, ita kuma Hausarta ta zama abin alfaharin zumuntar matan cocinmu. Da makon mata ya matso sai suka zaɓe ta ta yi karatun Littafi Mai Tsarki a gaban jama'a. Kunya ta hana ta cewa aji biyu kawai ta yi a garinsu. Ta karɓi takardar da aka rubuta mata wurin, ta kawo rumfa ta ce, "Goggo, koya mini wannan."

Goggo ta ce ta bar tabarau a gida.

Maman Biyu ta ce, "Goggo, shekara nawa ina share miki ɗaki, ban taɓa ganin tabaran nan ba."

Na tsayar da keke. Goggo ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta ce, "Babu shi. Ni ma ban iya ba, 'yata. Abin da ke bakina na ba ki duka. Wannan ba ni da shi." Maman Biyu ta ce to za ta koma ta ce musu su nemi wata. Goggo ta ce, "Ba ki tsaya a garin nan don ki riƙa ɓuya a bayan mutane ba. Ranar Alhamis ki yi wanka da wuri."

Alhamis ta ɗaura zaninta na zuwa biki, ta ce in rufe shago in raka su. Na bi su da tunanin raba faɗa. Muka sauka a Sabon Gari muka tarar an fara aji, Baba na tsaye da alli a hannu. Da ya gan ta a bakin ƙofa sai ya ce, "Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau. Ɗalibai biyu na kawo maka."

Ya dubi Maman Biyu, ya dube ni.

"Ba 'yarka ba, ita ta iya. Ni ce ta biyun."

Baba ya juya ya fuskanci allo. Can ya ɗauko kujerarsa ya ajiye mata a gaba. Ta ƙi, ta ratsa ta zauna a benci tsakanin magina biyu ta ce, "A nan ni ɗaliba ce. In na yi kuskure ka gyara." Sai ya ce wa ajin, "Wannan yayata ce. Ita ta tsaya, ni na tafi na koyo abin da nake koya muku. Na faɗa mata maganar da ba ta dace ba, kuma ina roƙon gafararta a gabanku." Goggo ta gyara mayafi ta ce, "Na ji, na yafe. Lokaci na tafiya, rubuta."

Mako shida suka yi suna fama. Da rana in babu masu saye sai in hango su biyu sun haɗa kai a kan takarda ɗaya, kowa na bin layi da yatsa, suna gardama a kan wanne ne ɗa mai ƙugiya wanne ne da marar ƙugiya. Goggo ta ce duk wanda ya ƙirƙiro ƙugiyoyin nan bai da aikin yi. Baba ya fara biyowa ta kasuwa wai zai sayi tattasai, ya zauna a benci har yamma.

Ranar karatun, coci ya cika. Maman Biyu ta hau da anko, ta fara a hankali. Tana tafiya lafiya har ta kai tsakiya, sai ta ci karo da wata doguwar kalma ta tsaya. Daga benci na uku sai aka ji muryar Goggo, yatsanta a kan nata littafin, ta karanto kalmar gaɓa-gaɓa da ƙarfi. Maman Biyu ta maimaita ta wuce. Mutane suka yi dariya suna tafi, a zatonsu Goggo ta saba. Mu kaɗan ne a wurin muka san cewa wannan ce kalma ta farko da ta taɓa karantawa a gaban jama'a. Baba yana can gefen maza ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi.

Daga nan suka raba aikin. Duk wanda ya zo ajinsa, ranar Asabar sai ya tura shi kasuwa da jerin abin da zai sayo da bakinsa. Duk wanda harshensa ya saki a benci, ita kuma ta tura shi Sabon Gari ya koyi rubutu. Rigar da rigan kuwa ba su taɓa daidaitawa a kai ba. Goggo ta fara yanka kwali tana rubuta sunayen kayanta tana kafawa. Ƙugiyar kuɓewa takan juya ta wancan gefen. Baba ya zo da jan biro, ta ce in ya taɓa mata kwali zai sha miya babu daddawa har shekara.

Bara ƙafafunta suka fara kumbura, ta daina fita kasuwa. Maman Biyu ta karɓi rumfar, kullum in ta tashi sai ta biyo ta gida da tagwaye, waɗanda yanzu sun kusa gama sakandare. Wata yamma muna zaune a tsakar gida, Goggo ta dube ta ta ce, "Shekara da shekaru kuna cin Hausata, ni ban taɓa ɗanɗana taku ba. Yaya kuke cewa na gode?"

Maman Biyu ta ce, "Akpe."

"Akwe."

"A'a, Goggo. Leɓe da maƙogwaro tare za su tashi."

"Afe."

Tagwaye suka faɗi kan tabarma. Goggo ta sake gwadawa, ta tattara fuska, abin da ya fito ya yi kama da atishawa. Ta numfasa ta ce, "Haka kuka ji lokacin da nake sa ku faɗin ƙwai da ƙyalle?"

"Ya fi haka, Goggo."

"Kuma kuka dawo?"

"Muka dawo."

Ta jinjina kai, sannan ta ce, "Ashe jarumai na yi ta zama da su."

Daga ranar ta kama kalmar nan ba ta sake ta ba. Ta gwada a kan nas mai zuwa duba ta, ta gwada a kan fasto, ta gwada a kan mai kawo ruwa. Baba ya rubuta mata a takarda da manyan baƙaƙe don ya taimaka, ta ce ya faɗa ta ji, ya buɗe baki shi ma akwe ce ta fito. Ranar ta yi dariya har sai da muka tallafe ta. Ta koyi wasu kalmomin, sannu da zuwa da ruwa da sai gobe, amma wannan ta farkon ta ƙi ta.

Safiyar da ta rasu Maman Biyu ce a wurinta, ita ta ba ni labari. Ta goge mata fuska da ruwan ɗumi, ta ba ta kunu cokali uku. Goggo ta riƙe mata hannu ta ce, "Akwe." Maman Biyu ta ce, "Daidai ne, Goggo. Yau kin iya." Goggo ta ɗan yi murmushi, idonta a rufe, ta ce, "Ƙarya kike, 'yata. Amma na karɓa."

Kafin rana ta take ta cika, hannunta a cikin na Maman Biyu.

Allah ya karɓi baƙuncinki, Goggo, ya sa ki tarar da masu amsa gaisuwa.